Wa ke riƙe da guruf ɗinku? Hira kan waya da lafiyar ƙwaƙwalwar matasan ƙasar Gumel

  Mutanen cikin garin Gumel, da na Maigatari, da na Gagarawa, da na Sule Tankarkar, da 'yan uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai Kano, Abuja, Legas har Damagaram, duk ina gaishe ku. Wanda datarsa ba ta isa ya saurari muryar ba, ga shi an rubuta masa, sai ya bi a hankali.

Yau maganar waya za mu yi, da abin da take yi wa kawunanmu, da kuma abin da mu matasa za mu iya yi a kai ba tare da mun jira wani ya zo daga Abuja da farar mota ba.

Na san da an taɓo wannan magana abin da iyayenmu ke cewa: waya ce ta lalata yara, a ajiye ta kowa ya huta. Ina ganin girmansu, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ka je Maigatari ranar Alhamis ka ce wa yaron da ke ɗaukar hoton sa yana tura wa mai saye a kudu ya ajiye waya. Ko mai POS. Ko wanda ke bin farashin riɗi da zoɓo kafin ya kai nasa kasuwa. Ko ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Gumel da malaminsu ke turo musu darasi a WhatsApp. Ai ka ce masa ya ajiye abincinsa kenan. Wayar ta riga ta zauna. Saura mu san wa ke juya wani tsakaninmu da ita.

Bari mu fara da yadda aka ƙera abin, don mutane da yawa suna zagin kansu a banza. Za ka ji yaro yana cewa, ni dai ba ni da zuciya, na ce minti 10 zan yi a TikTok sai ga shi an kira asuba. Malam, ba kai kaɗai ba ne. Facebook da TikTok da Instagram da talla suke cin abinci, kuma iya daɗewarka a ciki iya tallan da za a nuna maka. Saboda haka manhajar tana lura da inda yatsanka ya tsaya, da bidiyon da ka maimaita, da wanda ya ba ka haushi har ka shiga kwament, sai ta ƙaro maka irinsa. Wannan shafin da kake ta ja ba ya ƙarewa, wani injiniya ne a Amurka mai suna Aza Raskin ya fito da dabarar a 2006, kuma daga baya shi da bakinsa ya nuna nadama. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Wato dai kai ɗaya ne da wayarka mai fasasshen gilashi, a ɗaya ɓangaren kuma dubban injiniyoyi ne da ake biya don kada ka tashi.

Mu kuma a nan muna da namu ƙarin. Datar dare ta fi araha. Kamfanonin waya suna sayar da ita da rahusa daga tsakar dare zuwa asuba, kuma tun da aka amince musu su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, wa zai ga laifin ɗalibin da ya jira dare? To amma masana barci sun ce matashi ɗan ƙasa da shekara 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, babba kuma aƙalla 7. Wanda ya kwana biyar a jere yana kwanciya ƙarfe uku ya tashi sallah, ya wuce makaranta ko gona ko shago, kada ka yi mamaki in ka gan shi da saurin fushi, da mantuwa, da ƙunci marar dalili. Rashin barci shi kaɗai ya isa ya birkita mai lafiya, balle wanda dama yana ɗauke da wani abu a ransa.

Yanzu mu zo kan abin da kowa ya gani da idonsa. Kun tuna 2024? Lokacin mainin. Notcoin ya fashe a watan Mayu, wasu suka samu kuɗi na gaske, shi kenan gari ya ɗauka. Hamster Kombat, TapSwap, da sauran tarkacensu. Ka shiga majalisa ba mai kallon wani, kowa ya sunkuya yana dannawa. A wurin mai caji layi, a masallaci ana sallama ana laluben aljihu. Har iyaye mata aka buɗe wa. Kuma ku tuna halin da ake ciki a lokacin: an cire tallafin mai a 2023, an rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin wannan shekarar, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Duk wanda ya san Maigatari ya san me rufe boda ke nufi ga ɗan dako, da ɗan acaɓa, da dillali, da mai sayar da abinci a bakin kasuwa. Matashi ba aiki, ga waya a hannu, ga wani yana ce masa danna nan za ka yi arziki. Wa zai ƙi?

Ranar 26 ga Satumba 2024 aka saka Hamster a kasuwa. Kun san sauran labarin. Mutane da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Muka mayar da abin barkwanci, aka yi ta zolaya a Facebook, aka yi dariya aka wuce. Amma akwai waɗanda ba su yi dariya ba. Akwai wanda ya riga ya faɗa wa mahaifiyarsa ta kwantar da hankalinta, Satumba na zuwa. Akwai wanda ya ci bashi ya sayi waya ta biyu. Akwai wanda ya sa ranar kai kuɗin aure a ransa. Irin wannan ba asarar kuɗi kaɗai ya yi ba, kunya ce ta rufe shi, kuma a ƙasar Hausa kunya tana iya hana mutum fita ƙofar gida. Wa ya bi irin waɗannan ya tambaye su ya suka kwana? Daga nan wasu suka zarce cacar ƙwallo don su mayar da abin da suka rasa, wasu suka faɗa manhajojin bashi, masu tura wa duk lambar da ke wayarka saƙo cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi ƙamari a ƙasar nan har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris ɗin 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane daga 2023. Duk da haka a Afrilun 2025 CBEX ya sake rushewa da kuɗin jama'a.

Na biyun ya fi wannan nauyi, ku yi haƙuri da ni. Daren 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, nan cikin Jigawa ba nisa da mu. Sama da mutum 150 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Kafin gari ya waye bidiyon ya shiga ko'ina. Guruf ɗin 'yan aji, na unguwa, na siyasa, na 'yan ƙwallo, har na dangi inda akwai yara da tsofaffi. Gawarwakin bayin Allah a fili, ba sutura, ba gargaɗi. Mai turawa ya rubuta innalillahi a ƙasa, yana ganin ya yi aikin lada.

Ɗan uwa, tsaya ka yi tunani. A garinmu in aka yi rasuwa, ana rufe mamaci, ana kawar da yara, ana sassauta murya. Wace tarbiyya ce ta ce da an shiga waya wannan duk ya faɗi? Wannan da ke cikin bidiyon ɗan wata ne, kuma wataƙila a sitatus ɗinka ƙanwarsa za ta fara ganinsa. Ga kuma mai kallo. Akwai mutanen da irin wannan hoton ke maƙale musu makonni, su kasa barci, su kasa cin abinci, su riƙa firgita. Wanda ya taɓa tsira daga haɗari ko gobara, ka mayar da shi ranar da yake ƙoƙarin mantawa. Kuma a nan babu ruwan injiniyan Amurka. Yatsanmu ne ya danna.

Haka abin yake in hoton yarinya ko hirarta ta sirri ta fita. Wanda ya fara saki mutum ɗaya ne. Waɗanda suka kai shi kunnen iyayenta da gidan da za ta aura mu ne, masu cewa turo min in gani. A gari kamar Gumel ko Sule Tankarkar inda kowa ya san gidan kowa, yarinya ba ta da inda za ta ɓuya. Shi namijin sai a ce ƙuruciya ce, ita kuma a bar ta da ɗaki da kuka. Cibiyar CITAD da ke Kano ta daɗe tana magana kan cin zarafin mata a intanet, amma CITAD ba ta cikin guruf ɗinku. Ku ne a ciki.

To in mutum ya shiga wani hali, da wane suna muke kiran abin? Nan ma akwai gyara. Kalmominmu uku ne: hauka, aljanu, raunin imani. Wanda bai kai ga yaga riga ba, a wurinmu lafiyarsa ƙalau. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara 7 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ka ƙirga 'yan ajinku ka raba. Mafi yawansu ba za ka taɓa ganinsu a bola ba. Suna zuwa makaranta, suna sallah a sahu ɗaya da kai, suna saka hoto suna murmushi.

Masu cewa ciwon damuwa cutar Turawa ce, ga wani abu. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, ya ce shi wannan na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana buƙatar magani. A tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Don haka ka daina ce wa abokinka imaninsa ne ya yi rauni. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a kuma je asibiti. Mai hawan jini yana yin duka, ba wanda ya ce masa ya zaɓi ɗaya.

Yawwa, sai batun fafutuka, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu. Akwai wata 'yar Najeriya, Hauwa Ojeifo. A 2016 ta kafa ƙungiyar She Writes Woman bayan ita kanta ta yi fama da lalurar, ta fito ta faɗa ba ta ɓoye ba. A 2020 ta tsaya gaban Majalisar Tarayya ta yi bayani kan ƙudurin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A wannan shekarar ta 2016 ne kuma wani matashin likita, Victor Ugo, ya kafa MANI. Su da likitoci da wasu da dama suka yi ta matsa lamba har Shugaba Buhari ya sa wa dokar hannu a Janairun 2023. Kun san wace doka ta maye gurbi? Dokar mahaukata ta 1958, tun ta zamanin Turawan mulki, wadda ta fi damuwa da yadda za a tsare mutum a kan yadda za a yi masa magani. Shekara 65 muna kanta.

Ko maganar kodin. A 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa kaɗai. An yi ta surutu. Da BBC ta fitar da bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018, washegari gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi. A Amurka ma wata yarinya, Emma Lembke, tana sakandare ta fara gangamin Log Off a 2020, a 2023 sai ga ta gaban kwamitin Majalisar Dattawan ƙasarsu. Abin da na lura da shi a duk waɗannan, kowannensu ya san takamaiman abin da yake nema, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Mu fa? Mu dai mun iya 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. A buga riga, a buga bana, a yi tattaki, a ɗau hoto da mai girma wane, a saka a Facebook, a raba lemo. Ban ce haramun ba ne. Amma ranar 11 ga wata, in wata uwa a ƙauyen Gagarawa ta ce ɗanta ya kwana 10 bai fito ɗaki ba, wa za ta kira a cikin masu rigar?

Ni a ganina mai mulki mafi kusa da matashin ƙasar Gumel a yau admin ne. Eh, admin ɗin guruf. Wani yana riƙe da mutum 500, ya fi wani mai unguwa jama'a, amma bai taɓa ɗaukar abin a matsayin amana ba. In kai admin ne, rubuta doka yau ka maƙala ta a sama: ba a saka gawa ko jini, ba a saka hoton wani ko hirarsa ba da izininsa ba, ba a tallan hanyar kuɗin da ba a san kanta ba. WhatsApp ya ba ka ikon goge saƙon kowa, ya ba ka ikon rufe guruf da daddare ka buɗe da safe. Yi amfani da shi. Za a ce ka cika iyayi, wani zai fita cikin fushi. Bar shi ya fita. A ce admin 50 a ƙananan hukumomin nan huɗu su yi wannan yarjejeniya a tsakaninsu, wallahi ranar da wani abu ya sake faruwa, Allah Ya kiyaye, za a ga bambanci kafin azahar.

Sai majalisa. Wannan arziki ne da waɗanda ke can waje suke nema da kuɗi ba su samu ba: wurin da mutum zai zauna kullum da waɗanda suka san shi tun yana yawo ba wando. Amfaninta shi ne a lura. Wane ya daina zuwa. Wane da ke da surutu ya yi shiru. Wane ya rame, ya daina wanka, ya sayar da wayarsa, ya fara rubuta sitatus na bankwana da neman yafiya ba tafiya zai yi ba. In irin wannan ya wuce mako biyu, ba a bari. Kuma 'yan mata, da yake yawancinku ba ku da majalisar bakin titi, Islamiyya da gidan kitso da ɗakin kwanan makaranta su ne naku, ido ɗaya ne ake buƙata.

Yadda za ka tunkare shi ma akwai dabara. Kada ka yi a gaban mutane, kada ka fara da wa'azi. Ja shi gefe, ka ce na ga kwana biyu ba ka yadda na san ka, me ke faruwa? Sai ka yi shiru ka saurara, ko da shirun ya yi tsawo. Kada ka ce wasu sun fi ka shiga matsala, ya sani. In maganarsa ta nuna ya gaji da rayuwa, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce eh, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da shi, a sanar da babban da ya yarda da shi, a tafi asibiti a ranar.

Wane asibiti? Wannan ita ce tambayar da ya kamata duk mai kiran kansa ɗan fafutuka ya iya amsawa cikin barci. A fara da na kusa, Babban Asibitin Gumel ko asibitin ƙaramar hukumarku, su duba su tura gaba in da buƙata. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Matsalar ita ce nisa da kuɗin mota, da kuma ƙarancin likitoci, don ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ba za a kawo wa Sule Tankarkar nata ba nan kusa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsari mai suna mhGAP, na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da matsalar shaye-shaye, su fara taimako, su san lokacin turawa gaba.

To ga takamaiman abin nema. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar su rubuta takarda ɗaya, shafi ɗaya, su kai wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu na Dutse. A tambaya: ma'aikata nawa ne a asibitocinmu suka samu wannan horo, a wane asibiti suke, wace rana ake samunsu? In akwai, a buga sunayen asibitocin a raba a kowane guruf. In babu, a sa a kasafin baɗi. A nemi goyon bayan fada da limaman Juma'a, don magana in ta fito daga mumbari takan shiga gidan da Facebook bai shiga ba. Bayan wata uku a koma a sake tambaya, da kwafin takardar farko a hannu.

Lokaci ya ja. Admin-admin da ke saurare, wanda ya kafa dokar a guruf ɗinsa ya ɗauko hotonta ya ajiye mana a kwament, a rufe sunayen mutane da lambobinsu tukuna. Ma'aikatan lafiya na yankin nan kuma, ku faɗa mana ranakun da ake ganin masu irin wannan lalura a wurarenku, za mu haɗa mu karanta a shiri na gaba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.